Zarto, Gam da Akwatin Rubik: Tarihin Masu Sake Ƙira

A shekarar 1981, lokacin da wasan ƙwaƙwalwar nan mai suna Rubik's Cube ya game Turai da Amurka, abu ɗaya ne ya dami masu sayensa: yadda za su mayar da launuka mazauninsu. A cikin wannan shekarar wani ɗan Ingila mai suna Tony Fisher ya ɗauki guda biyu ya haɗe su ta gefe ɗaya, suka zama tagwaye masu tarayya a sahu guda na ƙwayoyi. Juyawar da ke yiwuwa a da, wasu suka toshe, wasan ya zama wani daban. Masu wannan sana'a kan lissafa tagwayen Fisher a matsayin farkon al'adar sake ƙira, wato a ɗauki abin da masana'anta ta ƙera a yanka shi, a cike, a goge, har a fitar da sabon wasa. Wanda ke son fahimtar abin da suka yi, sai ya fara leƙa cikin akwatin.

Ernő Rubik malamin zanen gine-gine ne a birnin Budapest na ƙasar Hangari. Matsalar da ya sa a gaba a 1974 ta ƙira ce: ta yaya ƙananan ƙwayoyi za su riƙa zagayawa ta kowace fuska ba tare da sun watse ba? Kafin shi wani Ba'amurke, Larry Nichols, ya sami takardar haƙƙin mallaka a 1972 kan akwati mai ƙwayoyi takwas da maganaɗisu ke riƙe da su. Rubik ya bi wata hanya, ya sa ƙwayoyin su riƙe junansu. A tsakiyar akwatin akwai cibiya mai hannaye shida. Kowane hannu yana ɗauke da ƙwayar tsakiyar fuska ɗaya, an ɗaure ta da ƙusa da ɗan sifirin, tana juyawa a inda take amma ba ta barin wurin. Sauran ƙwayoyi 20, wato 12 na gefe da 8 na kusurwa, babu abin da ya ɗaure su da cibiya. Kowace tana da ƙafa a ciki. Ƙafar ta gefe tana maƙale ƙarƙashin ƙwayoyin tsakiya biyu, ta kusurwa kuma tana maƙale ƙarƙashin na gefe uku. Idan aka haɗa ƙafafun duka sai su ba da kusan siffar ƙwallo, a kan wannan ƙwallon ne kowane sahu ke zamewa.

Daga wannan tsari ake samun yanayi 43,252,003,274,489,856,000 da akwatin zai iya shiga. Daga gare shi kuma ake samun wata ƙa'ida da duk wanda ya taɓa warware akwatinsa da hannu ya sani: idan ka juya sahu rabin hanya, ka ɓamɓare ƙwayar gefe, ka zazzage sauran, sannan ka mayar da su yadda ka ga dama, sau ɗaya cikin goma sha biyu ne kawai zai haɗu a yanayin da za a iya kammala shi.

Abin da masu sake ƙira suka gano shi ne, siffar waje riga ce kurum. Ainihin wasan yana cikin layukan yanka da kuma ƙafafun da ke ciki. Matuƙar ba a taɓa waɗannan ba, za a iya sassaƙa waje yadda aka so. Shahararren misali shi ne Fisher Cube, wanda ke ɗauke da sunan mai shi. Injinsa na Rubik ne ba ƙari, amma an karkata jikin da digiri 45 a kan sandar da ta ratsa daga sama zuwa ƙasa. Sakamakon haka ƙwayoyin tsakiya huɗu na kewaye suka koma kamar na gefe masu launi biyu, na gefen da ke tsakaninsu kuma suka koma kamar na tsakiya masu launi ɗaya. Mai wasa sai ya tarar da abubuwa biyu da bai saba ba. Na farko, yanzu dole ya kula da inda ƙwayar tsakiya ta fuskanta, abin da launi ɗaya ya ɓoye masa a akwatin asali. Na biyu, ƙwayar gefe mai launi ɗaya tana iya kifewa ba a gani ba, sai a ƙarshe ta bar wata ƙwayar a kife a sahun sama, yanayin da a akwatin asali alama ce ta cewa an haɗa shi ba daidai ba. Da zarar an soma juya shi kuma, siffar akwati ta ɓace, ƙwayoyi su yi ta tsiro ta ko'ina.

Aikin kansa na hannu ne, mai cin lokaci. Za a yanke ɓangaren da ya yi yawa da zarto, ramin da ya bayyana a cike shi da ƙullin gam mai daskarewa ko a rufe shi da falankin roba, inda ake bukatar ƙari a manna. Daga nan sai guga da magagari da samfefa, daga mai kaushi zuwa mai laushi, har fuskar ta daidaita. Kuskuren milimita ɗaya a kusa da layin yanka ya isa ya sa sahu ya riƙa cijewa. Wanda ke son ƙwayoyi da yawa iri ɗaya kan sassaƙa guda ya yi mata mazubi na silikon, ya riƙa zuba ruwan roba. Akwai kuma hanya mafi sauƙi, wadda ba ta bukatar zarto: a manne ƙwayoyi biyu ko uku su zama ɗaya, ta yadda wasu juyawa za su yiwu ne kawai a wasu yanayi.

Da tafiya ta yi tafiya sai aka ga launi ma ba dole ba ne. Fisher ya gina Golden Cube a kan injin Skewb, wasan da ke juyawa ta kusurwoyi, ya ba shi launi ɗaya tal, siffar ƙwayoyi ce kaɗai ke nuna mazauninsu. A Japan Hidetoshi Takeji ya gusar da injin Rubik daga tsakiyar jiki a 2006, kowane sahu ya sami kaurinsa daban, aka sami abin da duniya ta sani da Mirror Blocks. Katsuhiko Okamoto, shi ma ɗan Japan, ya je har cibiyar ya cire ta. Void Cube ɗinsa rami ne ya ratsa shi ta fuska shida, ƙwayoyin suna tafiya ne a kan dogo da ke cikin jikinsu.

Sai dai rigar tana da iyaka, kuma an ci karo da ita wajen ƙara yawan sahu. Akwatin sahu huɗu na Péter Sebestény ba shi da ƙwayar tsakiya tabbatacciya da za a ɗaure, don haka aka sa masa ƙwallo mai kwaroro a ciki, ƙwayoyin tsakiya suna zamewa a cikin kwaroron. Daga baya masu ƙira da dama suka gwammace su ɓoye sahu na biyar a ciki, abin da ke nufin yawancin akwatunan sahu huɗu na yau 'yan sahu biyar ne da aka rufe wa tsakiya. Na sahu biyar, ƙirar Udo Krell ɗan Jamus, ya yiwu da faɗaɗa dabarar Rubik. Daga nan aka daɗe ba a wuce ba, kuma dalilin lissafi ne. Ɗauki akwatin sahu bakwai masu kauri ɗaya, kowane sahu awo ɗaya. Daga tsakiya zuwa bakin fuska awo 3.5 ne. Idan aka juya sahun waje digiri 45, ɓangaren ƙwayar kusurwa mafi kusa da tsakiya yana nesa da awo 3.54. Ƙwayar gaba ɗayanta ta fita daga inuwar akwatin ke nan, babu inda ƙafarta za ta bi ta kama. A sahu shida lissafin ya ba da 2.83 a kan 3, wuyan da ya rage siriri ne ainun.

Injiniya Panagiotis Verdes na ƙasar Girka ne ya fitar da na sahu shida da bakwai kasuwa a 2008. Ya tsara ƙafafun ciki a kan mazurarai masu shiga cikin juna, ya kuma kumbura fuskokin na bakwai kamar matashin kai, domin ƙwayar kusurwa ta kasance a kan jiki ko da an juya. Wasu masu ƙira suka warware matsalar ta hanyar ƙara wa sahun waje kauri. A nan injin ne ya tilasta wa rigar siffarta.

Sauyi na ƙarshe ya zo da na'urar da ke fitar da abu mai jiki daga zanen kwamfuta. Mai ƙira ya huta da neman tsohon injin da zai gina a kai, yana iya zana nasa daga tushe a buga masa da garin nailan. Oskar van Deventer ɗan ƙasar Holan ya yi amfani da wannan hanya ya fitar da Gear Cube, wanda haƙora ke haɗa ƙwayoyinsa har juya fuska ɗaya ya ja sahun tsakiya. A 2011 ya nuna akwati mai sahu 17, a 2017 kuma Grégoire Pfennig ɗan Faransa ya kai 33.

Da yawa daga cikin abubuwan da aka fara yi ɗaya-ɗaya a kan tebur yanzu masana'antu na zuba su da dubbai, ana sayar da su da araha, sau da yawa ba tare da sunan wanda ya fara sassaƙa su a jikin kwali ba. Fisher ya yi sa'a nasa sunan ya manne wa ƙirarsa. Mai riƙe da Mirror Blocks kuwa zai iya shekara yana juya shi bai taɓa jin sunan Takeji ba.