Ana iya mayar da dalma zinariya?

Ɗan'uwa mai karatu, ka taɓa jin labarin baƙon da ke zuwa kasuwa ya ce yana da maganin mayar da tagulla zinariya? Ka ba shi jikka goma, ya ce ka komo kasuwa mai zuwa. Ka komo, babu shi babu dalilinsa. To, wannan buri ya girmi kakannin kakanninmu. Saurara ka ji tarihinsa.

Wajen shekara 1200 da suka wuce, a birnin Kufa na ƙasar Iraƙi, an yi wani masani mai suna Jabir ɗan Hayyan. Iliminsa shi ne alkimiyya. Masu wannan ilimi suna dafa dalma da zaiba da farar wuta, suna neman zinariya. Ibn Sina, babban likitan nan da ya rasu a 1037, ya ce rini kawai suke yi. Launi ya sake, amma ƙarfen yana nan yadda yake.

Turawa ma sun sha wahala. A 1669, a birnin Hambug na Jamus, wani mai suna Hennig Brand ya tara fitsari mai yawa ya yi ta tafasawa. Ka tausaya wa maƙwabtansa! Bai sami zinariya ba, sai wani abu mai haske cikin duhu, fosfor. Shi ne yau cikin takin zamani da kake zubawa a gona.

Me ya hana su? Kowane abu an gina shi da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, ana ce musu atam. Ɗauki atam kamar ɗan magarya: nama a waje, ƙwallo a ciki. Cikin ƙwallon akwai ƴaƴa masu suna furoton, kuma yawansu ne ke raba ƙarfe da ƙarfe. Baƙin ƙarfe yana da 26, jan ƙarfe 29, zinariya 79, dalma 82. In kana son dalma ta zama zinariya, sai ka cire uku daga ƙwallonta. Wutar maƙera kuwa, komi zuga ta, nama take taɓawa, ba ta kai ga ƙwallo.

A 1919, a Ingila, Ernest Rutherford ya fara taɓa ƙwallon. Ya harbi iskar nitirojin da wasu ƙwayoyi masu tsananin gudu, daga baya aka gane ta koma iskar oksijin. A 1980, a Amurka, Glenn Seaborg da abokan aikinsa suka mayar da wani ƙarfe, bismut, zinariya. A 2025 kuma masanan cibiyar CERN, kusa da birnin Janeba, suka ce babban injinsu mai zagayen kilomita 27 ya fid da ƙwayar zinariya miliyar 86 daga dalma, tsakanin 2015 da 2018. Lissafin da yawa, ko? Amma in an tara su duka ba su kai ƙura ɗaya ba, kuma kafin ƙiftawar ido suka farfashe.

Yanzu ana zancen fasahar nano, wato aiki da abubuwan da ake auna girmansu da kashi ɗaya cikin miliyan na milimita. A 1989 masanan kamfanin IBM suka jera atam 35 ɗaya-ɗaya, suka rubuta sunan kamfaninsu. Abin mamaki ne. Sai dai aikin magini ne: yana jera tubali yadda ya so, amma tubalin ƙasa ba ya komawa siminti a hannunsa. Taɓa ƙwallo yana buƙatar ƙarfi wajen sau miliyan fiye da jera atam.

Akwai ƙarfen da ke sake jiki da kansa, ba wuta ba inji, kuma yana ƙarƙashin ƙasarmu: uraniyom, wanda aka fara haƙa a Arlit a 1971. Furoton 92 gare shi. Yana zubar da ƴaƴansa sannu-sannu, sai bayan shekara miliyar 4 da rabi rabinsa ke narkewa. Kuma ba zinariya yake komawa ba, dalma.