Valium, Rochi, D5: Me Ke Cikin Sunan Maganin Barci?

Ƙwaya ɗaya ce, amma sunanta ya danganta da bakin da ya ambace ta. Likita zai rubuta diazepam a takarda, mai kemis ya ce Valium, matasan da ke shanta don maye kuma su ce D5, wato harafin farkon diazepam haɗe da miligiram 5 da ke cikin kowace ƙwaya. Kowane suna a cikin ukun nan da abin da yake bayyanawa, da abin da yake rufewa.

Sunan kasuwa shi ya fi daɗin ji, don da ma domin sayarwa aka raɗa shi. Leo Sternbach, masanin haɗa sinadarai a kamfanin Roche da ke jihar New Jersey ta Amurka, shi ya gano na farko a dangin wannan magani. An fitar da shi kasuwa a 1960 da sunan Librium, wanda aka gutsuro daga kalmar da ke nufin daidaito. A 1963 ƙanensa Valium ya biyo baya, daga kalmar Latin mai nufin ƙarfi da ƙoshin lafiya, kuma daga 1969 zuwa 1982 babu maganin da likitocin Amurka suka fi rubutawa kamarsa. Rohypnol haɗi ne na farkon sunan Roche da kalmar Girkanci ta barci. Stilnox na nufin dare mai tsit. Duk alkawarin natsuwa ne. Babu ɗaya da ya gaya maka cewa bayan 'yan makonni jiki zai saba, har barcin ya ƙi zuwa sai da shi.

Sunan likita ba shi da daɗin faɗi, amma shi ne mai faɗin gaskiya. Tun 1953 Hukumar Lafiya ta Duniya take fitar da jerin sunayen bai-ɗaya na magunguna, kuma ta tsara su yadda wutsiyar suna za ta nuna dangi, kamar yadda zanen fuska yake nuna asalin mutum a da. Duba waɗannan: diazepam, lorazepam, bromazepam, clonazepam, flunitrazepam. Sai kuma 'yan uwansu alprazolam da midazolam. Duk dangin benzodiazepine ne, sunan da ya samo asali daga siffar sinadarin: zobba biyu manne da juna, na biyun ɗauke da naitirojin guda biyu. Aikinsu ɗaya, suna ƙara wa GABA ƙarfi, wato sinadarin da ƙwaƙwalwa take amfani da shi wajen lafar da kanta.

A nan ne sanin suna yake zama batun rai. A ce an rubuta wa wata baiwar Allah Lexotan saboda fargaba da faɗuwar gaba. Dare ya yi barci ya ƙi zuwa, sai ta aika yaro kemis ya sayo mata Valium. A ganinta magani biyu ta sha don ciwo biyu. Da ta juya bayan katin ta karanta ƙananan rubutun da ke ƙarƙashin babban sunan, da ta ga bromazepam a ɗaya, diazepam a ɗaya. Ninki ta yi. A jikin tsoho irin wannan ninki jiri yake kawowa, da mantuwa, da faɗuwa a banɗaki. Idan kuwa ya haɗu da giya ko kodin ko tiramol, numfashi ne yake yin ƙasa, wani lokaci ba ya dawowa. Wanda kuma ya daɗe yana sha, yankewa farat ɗaya na iya jefa shi cikin jijjiga, sai dai a riƙa ragewa sannu a hankali a hannun likita. Shi ya sa tun 1988 hukumar kula da lafiyar magunguna ta Birtaniya ta ce kada a wuce mako 2 zuwa 4 ana shansu.

Namu sunayen na Hausa ma akwai abin dubawa. "Maganin barci" da "maganin kwantar da hankali" sun faɗi abin da mai sha yake nema ne, ba su faɗi abin da ya haɗiya ba. "Rochi" kuwa sunan kamfani ne da ake gani a jikin katin, ya koma sunan Rohypnol a bakin matasa, alhali kamfanin nan ne dai ya yi Valium da Lexotan. Wadda ta fi damuna ita ce "ƙwaya". Kalma ce ta hatsi da ido, yau ta zama tambarin lalacewa, ta haɗa komai a buhu ɗaya, har da Exol wanda ba ya cikin wannan dangi sam, maganin karkarwar jiki ne. Mai ciwon fargaba na gaske sai ya ɓoye katinsa don kada a ce masa ɗan ƙwaya. Ga shi kuma diazepam ɗin nan yana cikin jerin magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajibi ne a same su a asibiti, domin da shi ake tsayar da jijjigar yaron da zazzaɓi ya kayar.

Akwai na baya-bayan nan da ake kira magungunan Z, saboda harafin da sunayensu suka fara da shi: zolpidem, zopiclone, zaleplon. A littattafan likitanci an laƙaba musu "waɗanda ba benzodiazepine ba", sunan da ya sa mutane da yawa suka saki jiki da su. Siffarsu ce ta bambanta, amma wurin da suke kamawa a ƙwaƙwalwa ɗaya ne, kuma su ma jiki na sabawa da su. A 2019 hukumar magunguna ta Amurka ta wajabta a buga gargaɗi mafi tsanani a kwalin zolpidem da zaleplon, bayan an samu waɗanda suka tashi cikin barci suka yi tafiya, wasu har suka tuƙa mota, aka yi asarar rayuka.