Daga Kambirij zuwa Kano

Charles Robinson ya yi karatu a Kwalejin Trinity, ɗaya daga cikin kwalejojin tsohuwar Jami'ar Kambirij ta Ingila, ya zama limamin Angilikan. Bayan rasuwar wansa John a Lakwaja a 1891, aka tura shi koyon Hausa. Ya iso Kano a ƙarshen 1894, ya yi kusan wata uku yana sauraron mutanen gari, yana tara rubuce-rubucen ajami. Da ya koma, jami'ar ta naɗa shi malamin Hausa a 1896, ta fara buga ƙamusunsa a 1899.

Ya ku masu hidima, digiri bai hana Robinson zama ɗalibi a gaban masu harshe ba. Duk wanda aka tura Gaya ko Ajingi, ya buɗe kunne kafin ya buɗe baki.