Ruwa Daga Jamus, Kube Daga Gida

Mu da muke dillancin tsofaffin makamai tsakanin Dutse, Shuwarin da Kasuwar Kurmi, abin da manyanmu suka fara koya mana shi ne kada a yanke wa wuƙa hukunci a dunƙule. Ruwan daban, ƙotar daban, kuben daban, kowanne da garinsu.

Dalili kuwa tsoho ne. Da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta ruwan takobi kusan 50,000 ke shigowa kowace shekara, akasari daga Solingen ta Jamus. A nan maƙera ke sa ƙota, dukawa su ɗinka kube. In takobi ya karye a fagen fama ba a yar da shi, sai a rage shi ya koma wuƙar damtse. Shi ya sa za ka ga wuƙa da kwarminta ya zarce har tsini. Wannan guntun takobi ne.

Tambari shi ya fi yaudarar mutane. Jinjirin wata biyu masu fuska, ko kerkeci a guje, alamun Turai ne, amma maƙeranmu da na Buzaye sun daɗe da kwaikwayonsu. Na Jamus zurfinsa daidai ne. Na gida kuwa, kanga shi a hasken rana, za ka ga sawun kurfi yana rawa. Littafin A. D. H. Bivar na 1964, Nigerian Panoply, ya taimaka, ko da yake dattawan da suka koya mana ba su taɓa buɗe shi ba.

Ƙarfe mai zanen igiyar ruwa, wanda Larabawa ke kira jauhar, asalinsa Indiya da Farisa ne, kuma da wuya ka same shi a ƙasar nan. Yawancin abin da ake kawo mana da sunansa ruwan batir ne aka zuba wa sabon ƙarfe. Goge gefe ɗaya kaɗan, zanen zai tafi ya bar ka da sifirin mota. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 tama ta fara ja da baya, saboda haka in an ce maka "ta kakanmu ce, Alhaji, da ita aka yi jihadi", fara duba ƙarfen kafin ka taya.