Me ya sa ƙannenmu na Kasuwan Magani har yau Zariya suke cikewa?

Jama'a, duk shekara idan aka buɗe rijistar JAMB ku lura da yaran garinmu. Yaro bai taɓa wuce Kawo ba, bai san ko ƙofar Samaru gabas take kallo ko yamma ba, amma ka tambaye shi wace jami'a zai cike, kafin ka rufe baki ya ce ABU. Ka ce to wane kwas? Nan ne zai fara sosa ƙeya. Makarantar ya riga ya zaɓa, karatun kuma sai abin da hali ya yi.

Abin da ke jan su ni kishin makaranta nake ce masa, wato yadda ɗalibi ko tsohon ɗalibi ke jin makarantarsa a jini, yana yi mata kirari, yana kare ta ko da ita ce ba ta da gaskiya. Ni ma a Samaru nake, don haka 'yan KASU kada ku ce na zo yi muku gori, Abusites kuma kada ku ce na ci amanar gida. So nake mu duba daga ina abin ya taso, don yana da tarihi, kuma tarihin ya biyo ta kan titin nan namu da ya tashi daga Kaduna ya ratsa Kujama da Kasuwan Magani da Kufana zuwa Kachia, har ka dangana da Kafanchan.

Kafin 1962 babu jami'a ko ɗaya a duk faɗin Arewa. Makarantar da ake ji da ita ita ce Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1921, wadda ta koma Kaduna, daga baya ta koma Zariya, yau muke kiranta Barewa. Can Sardauna ya yi, can Tafawa Ɓalewa ya yi. In kuna neman asalin kishin makaranta a Arewa, to wajen 'yan Barewa za ku fara, don har gobe dattijon da ya yi ta yana gane ɗan uwansa da lambar shiga makaranta. Amma a farkon lamarin ba kowa ke samun shiga ba, galibi 'ya'yan sarauta ne da na manyan ma'aikatan En'e. A ɓangarenmu na kudancin lardin Zazzau kuwa, boko ta hannun mishan ta fi shigowa, SIM a su Kwoi da Kagoro, Katolika a wasu garuruwan. Burin yaro mai ƙoƙari a lokacin bai wuce ya zama malamin makaranta ba, ko ma'aikacin asibiti, ko ya samu aikin reluwe a Kafanchan, wadda ta zama mahaɗar jirgin ƙasa tun wajejen 1927.

Hanyoyi biyu ke nan da ba su cika haɗuwa ba. ABU ce ta haɗa su. An buɗe ta ranar 4 ga Oktoba 1962 da ɗalibai 426 kacal, mafi yawansu ma ba 'yan Arewa ba ne, saboda namu masu takardar shiga ba su da yawa. Shugabanta na farko Bature ne ɗan ƙasar New Zealand, Norman Alexander. A 1966 Ishaya Audu ya karɓa, likita, Bahaushe kuma Kirista, ya riƙe ta har 1975. A zamaninsa aka buɗe makarantar share fagen shiga jami'a, SBS, wadda ta zama ƙofar da 'ya'yan talakawan Arewa suka yi ta kwarara ta cikinta. Marigayi Patrick Yakowa, ɗan Fadan Kagoma, ya yi makarantun mishan, ya gama ABU a 1972, ya zo ya zama gwamnan jihar nan. Marigayi Umaru 'Yar'aduwa ɗan Barewa ne, ya gama ABU a 1975. Ka ga hanyoyin nan biyu sun haɗu a harabar makaranta ɗaya.

Ga abin da mutane ke mantawa. Daga 1962 har 1975, shekara goma sha uku cur, ABU kaɗai ce jami'a mai cin gashin kanta a Arewa. BUK da kuke gani, kwalejin Abdullahi Bayero ce a ƙarƙashin ABU, sai 1977 ta zama cikakkiyar jami'a. Jos reshen Ibadan ce kafin 1975. Sakkwato da Maiduguri duk a 1975 aka kafa su. To ka ƙiyasta: likitan da ya duba kakarka, alƙalin majistare, shugaban sakandaren da babanka ya yi, malamin gona da ke zuwa ƙauye da babur, in dai ɗan Arewa ne mai digiri, da wuya ka ji bai bi ta Samaru ko Kongo ba. A kunnen iyayenmu, jami'a da Zariya kalma ɗaya ce.

Kuma ba talla aka yi a rediyo ba. Hutu ne ya yi aikin. Ɗalibi ya dawo gida Kirsimeti ko Sallah, an ga ya sauya tafiya, Turancinsa ya goge, yana riƙe da jarida ranar kasuwa, yara na bin sa a baya. Da dare a zauna a dandali yana ba da labarin ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, da dogon benen Sanet, da ɗakunan kwana masu suna kamar unguwanni: Suleiman, Danfodio, Akenzua, ICSA da Ramat, Amina, Alex. Ɗan Adara da Bahaushe da Bajju da Bafulatani da ɗan Ibo a ɗaki ɗaya, ana cin abinci da tikiti a kafteriya. Rabin labarin gaskiya, rabi gishiri, amma yaron da ke saurare ya riga ya ƙudurta a ransa. Wannan yaron shi ne babanka ko kawunka, shi ne kuma ya ce maka "cike ABU" tun kana aji uku.

Sai dai ba daɗi kaɗai ya gina kishin nan ba, har da jini. A watan Afrilun 1978, zamanin mulkin soja na Obasanjo, aka ƙara wa ɗalibai kwabo 50 a kuɗin abinci na yini. Ɗaliban ƙasar nan suka tashi da zanga-zangar da ake kira Ali Must Go, da sunan kwamishinan ilimi na tarayya Kanar Ahmadu Ali. Sojoji suka harbe ɗalibai a Samaru, aka haramta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa. Bayan shekara takwas, a 1986, ɗalibai suka yi jerin gwanon tunawa da waɗancan mamatan, suka ratsa ta ɗakin kwanan mata na Amina, hukumar makaranta ta hukunta shugabanninsu, rikici ya ɓarke. Ranar 23 ga Mayu 'yan sanda suka buɗe wuta, aka sake rasa rayuka. Shi ne Ango Must Go, lokacin Farfesa Ango Abdullahi na shugabanta. A tsakanin nan ne kuma su Dokta Bala Usman ke cika ɗakin lakca har tagogi, su Patrick Wilmot na caccakar gwamnati har ta kore shi daga ƙasar a 1988. Idan yau ka ji an ƙwala "Greatest Abusite" ɗaki ya amsa, akwai waɗannan shekarun a cikin amsawar, ko da mai ihun bai san su ba.

A Amurka ance wasanni ne ke jan yara zuwa jami'a, yaro ya taso yana goyon bayan ƙungiyar ƙwallon wata makaranta, in ya girma ya nufe ta. Mu namu ba haka yake ba, duk da Samaru ba baya ba ce a ƙwallon kwando. Masai Ujiri, da ya jagoranci Toronto Raptors suka ci kofin NBA a 2019, a Zariya ya tashi, a hannun koci Oliver Johnson ya koyi wasan. Amma ban taɓa jin yaron garinmu ya ce saboda ƙwallo zai je ABU ba. Saboda yayansa ne.

Inda tulun ya fara tsagewa kuwa, a gidanmu ne. Ranar 6 ga Maris 1987 saɓani kan wa'azi ya tashi tsakanin ɗalibai a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, wadda yanzu take Gidan Waya. Cikin 'yan kwanaki wutar ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, aka ƙona wuraren ibada, aka rasa rayuka. Ba zan tsaya rabon laifi ba a nan, kowane ɓangare na da nasa labarin da nasa tabon. Abin da ya shafi zancenmu shi ne, daga lokacin iyaye suka ƙara tambaya ta biyu. Da can tambayar ita ce makarantar na da kyau? Yanzu sai aka ƙara: in wani abu ya tashi, ɗana zai iya fita? A yadda na lura, gidajen Kirista da yawa a yankinmu sun ƙara karkata wajen Jos, gidajen Musulmi kuma wajen Kano. Sai rikicin Jos na 2001 ya zo ya nuna can ma ba tudun mun tsira ba ne. Mu 'yan Kasuwan Magani da muka ga abin da ya faru a kasuwarmu a Oktoban 2018, ba sai an yi mana fassarar wannan tsoron ba. Haka sace ɗaliban Afaka da na Greenfield a 2021 ya sa uwa kan tambayi ko makarantar na da katanga kafin ta tambayi kuɗinta.

Abin mamaki, duk da haka sunan ABU bai faɗi ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Yanzu mu zo kan na kusa da mu. Gwamna Ahmed Maƙarfi ya kafa KASU a 2004, da mazauni biyu, Kaduna da Kafanchan, inda ake karatun noma da na muhalli. Daga garinmu zuwa mazaunin Kaduna tafiyar da za ka yi ka dawo ne a yini. Me ya sa yaranmu suka fi ɗaukar ta a matsayin ta biyu? Wasu za su ce inganci, ni ban yarda ba, na san 'yan KASU da za su zaunar da mu su koya mana kwas ɗinmu. A ganina shekaru ne da kuma kwana. Makarantar da ta girme ta da shekara 42 dole ta fi ta kawunnai da gwaggwanni masu yi mata kamfe a gida. Sannan a Kaduna ɗalibai da yawa jeka-ka-dawo suke yi, a tashi lakca kowa ya hau keke-napep ya nufi unguwarsu. Kishin makaranta kuwa da dare yake tsiro, wajen layin ruwa, wajen dafa taliya a risho ɗaya, wajen karatun kwana lokacin jarrabawa. Kafanchan ta fi damar samun wannan, tunda yawanci zama ake yi, amma a ƙarshen 2016 gwamnati ta rufe manyan makarantun kudancin Kaduna saboda tsaro, aka shafe watanni masu yawa. Sai ƙarin kuɗin makaranta na 2021 da ya kai na ɗan jiha naira 150,000, kafin Gwamna Uba Sani ya rage shi zuwa 105,000 a 2023. Ɗalibin da ke fafutukar kuɗin rijista, ina ya ga sukunin yi wa makaranta kirari?

To ga inda abin ke min ciwo. Kishin nan namu yana da tsada, kuma ba mu ke biya ba, ƙannenmu ne. Masu neman ABU sun ninka guraben da take da su nesa ba kusa ba. Na san yara a layinmu da suka zauna JAMB sau uku, maki na isar su wata makarantar, amma sun kafe sai Samaru, saboda mu muka dawo hutu muka cika musu kunne. Namiji ya gaji ya kama acaɓa. Mace kuwa, kun san yadda ake yi, shekara biyu a gida sai a fara zancen ai gara a yi mata aure. Kuma idan muna ba da labari, ba ma faɗin yajin aikin ASUU na wata tara a 2020 da na wata takwas a 2022, ba ma faɗin ɗakin mutum huɗu da mutum goma ke kwana. Benen Sanet muke ɗauka a hoto da yamma mu saka a Facebook.

Shi ya sa yanzu in ƙanena ko ƙanwata ta ce min ABU, ba na cewa a'a, ba na kuma tafa mata. Tambaya nake: me kike son karantawa? Makin da suka tsayar bara a sashen nawa ne, naki nawa ne? Wa zai biya, kuma har shekara nawa zai iya? In ba a samu ba bana, ina ne na biyu, KASU, ko Gidan Waya, ko Nuhu Bamalli, ko Kadpoly? Wanda ya amsa waɗannan ya ce har yanzu Samaru, ni da kaina zan raka shi tashar Kawo.

Ga kuma sabuwa a kan titinmu. A 2025 gwamnatin tarayya ta karɓi tsohuwar jami'ar Nok da ke Kachia ta mayar da ita jami'ar tarayya ta kimiyyar aikace-aikace, aka naɗa Bishop Matthew Kukah shugaban majalisar gudanarwarta. Karo na farko ke nan da yaron Kajuru ko Zonkwa ko Kagoro zai shiga jami'ar tarayya ba tare da ya bar kudancin Kaduna ba. Ba ta da tsofaffin ɗalibai, ba ta da kirari, ba ta da kawun da zai ce "a zamaninmu". 'Yan sahun farko na can su ne a matsayin mutum 426 ɗin nan na 1962. Idan akwai ɗan Kachia a cikin masu karanta wannan, don Allah ka faɗa mana: akwai wurin kwana? Musulmi da Kirista ɗaki ɗaya ake haɗa ku ko kowa na neman nasa? Akwai yara biyu a gidanmu da za su cike fom bana, kuma motar Kachia ta ƙofar gidanmu take wucewa.