Aloma Mariam Mukhtar

Mai Shari'a Aloma Mariam Mukhtar, wadda aka haifa a 1944, ita ce mace ta farko da ta zama Alƙalin Alƙalan Najeriya. Shugaba Goodluck Jonathan ne ya rantsar da ita a watan Yulin 2012.

Ta karanta fannin shari'a a Ingila, ta hau kujerar alƙali a Babbar Kotun Jihar Kano a 1977, sannan ta isa Kotun Ƙoli a 2005. An san ta da tsayawa kan ra'ayinta. A shari'ar zaɓen shugaban ƙasa na 2007 tsakanin Buhari da 'Yar'aduwa, tana cikin alƙalai 3 da suka ce a soke zaɓen, amma 4 suka rinjaye su.

Ta yi ritaya a Nuwamban 2014, tana da shekara 70.