Injin sake ɗura harsashi mai matakai

Injin sake ɗura harsashi mai matakai na'ura ce da masu harbi, musamman a Amurka, ke amfani da ita a gida wajen mayar da kwanson harsashin da aka harba ya zama sabon harsashi. Injin mai mataki ɗaya yana aiki guda a kan kwanso guda. Shi kuwa wannan yana da faifai mai juyawa da ke ɗauke da kwanso da yawa, don haka duk lokacin da aka ja hannunsa harsashi ɗaya yake kammala. Masu gasar harbi da ƙaramar bindiga sun fi son sa saboda yawan harsashin da suke ƙonawa.

Yadda yake aiki

Kwanso yana bin mazaunai ɗaya bayan ɗaya. A matse shi ya koma girmansa na asali, a cire tsohon maƙunnin da ke gindinsa a sa sabo, a zuba albarushi, a dasa kan harsashi, sannan a ɗame bakin.

Fitattun samfura

Kamfanin Dillon Precision da ke Scottsdale a jihar Arizona yana ƙera RL550 mai mazauni 4, wanda da hannu ake juya faifansa. Yana kuma ƙera XL750 mai mazauni 5 da ke juyawa da kansa, wanda ya maye gurbin XL650 a 2019. Square Deal B nasa na harsashin ƙaramar bindiga ne, kuma mazubansa ba sa shiga wani injin. Lock-N-Load AP na Hornady, kamfanin da aka kafa a Nebraska a 1949, yana da mazauni 5 da saurin sauya mazubi. Injinan Lee Precision na Wisconsin, kamar Pro 1000 mai mazauni 3, sun fi araha.

Haɗari

Babban haɗarin shi ne kwanso ya sami albarushi sau biyu, abin da kan fasa bindiga, ko ya wuce babu albarushi har kan harsashi ya maƙale a cikin bututu. Juyawa da kai na rage kuskuren farko, mazauni na biyar kuma yana ba da wurin sa na'urar duba albarushi.

Doka

A Amurka dokar tarayya ba ta neman lasisi ga mai ɗurawa don amfanin kansa, amma sayarwa sai da lasisi. A Jamus sai da izini na musamman ake sayen albarushin.